Daren da Detroit ta ɗauki Moritz Seider: wa ke da gaskiya, Yzerman ko masu ƙorafi?

Ranar 21 ga Yunin 2019 a birnin Vancouver na Kanada, a taron rabon matasan 'yan wasa na gasar hokin ƙanƙara ta NHL, Steve Yzerman, janar manajan kulob ɗin Detroit Red Wings, ya hau dandamali don ya faɗi yaron da kulob ɗin ya zaɓa a lamba ta 6, kowa ya kasa kunne yana jiran ɗaya daga cikin sunaye uku ko huɗu da aka yi watanni ana maimaitawa, kawai sai aka ji ya ce Moritz Seider, ɗan Jamus, ɗan baya daga Adler Mannheim. Kyamara ta juya kan yaron, shi kansa mamaki ne ya cika masa fuska, kana ganinsa ka san bai zaci za a kira shi da wuri haka ba. Magoya bayan Detroit kuwa a daren nan suka cika intanet da faɗa, wasu na cewa an yi asarar lamba, wasu na cewa a dai yi haƙuri ai Yzerman ne. Ni wannan gardamar ce har yau ba ta fita raina ba, don yadda ake ba da labarinta yanzu an sauƙaƙa ta da yawa, wai masu ƙorafi jahilai ne shi kuma Yzerman yana ganin gaibu, kuma gaskiya ba haka abin yake ba.

Sai na ɗan yi bayanin tsarin tukuna saboda wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ga abin banbaraƙwai. A gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda ake yi tsakanin kulob-kulob na Amurka da Kanada, ba a sayen yaro ɗan shekara 18 da kuɗi kamar yadda Chelsea ko Madrid za su je Burazil su zube miliyoyi su ɗauko. Duk shekara ana zama ne a yi abin da suke kira diraf, wato rabon matasa bi da bi, zagaye 7, kowane kulob yana da lamba ɗaya a kowane zagaye sai dai in ya yi musanye da ita, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓe. Akwai ƙuri'a da ake jefawa a kan lambobin farko don kada kulob ya riƙa faɗuwa da gangan. A shekarar nan Detroit ce ta huɗu daga ƙasa cikin kulob 31, amma ƙuri'a ta faɗa wa New Jersey da New York Rangers da Chicago, sai Detroit ta zame zuwa ta 6. To ka ga tun kafin a fara ma ransu a ɓace yake, sun sha wahalar kaka guda suna kallon ana lallasa su, ladan wahalar kenan wannan lamba ɗaya tilo. Kuma tunda akwai iyakar albashin da kulob zai iya biya gaba ɗaya, yaro mai kyau da ke kan kwantiraginsa na farko mai arha na shekara 3 ya fi zinariya a wurinsu, ba wani attajiri da zai zo ya saya maka mafita in ka yi kuskure.

Ga kuma wanda ya yi zaɓen. Yzerman ba baƙo ba ne a Detroit, shi ma diraf ɗin ne ya kawo shi a 1983 a lamba ta 4, ya buga musu kaka 22, ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau uku yana kyaftin, 1997 da 1998 da 2002, daga baya ya je Tampa Bay ya zama janar manaja ya gina musu tawaga mai ƙarfi, sannan ya dawo gida a Afrilun 2019, wato wata biyu kacal kafin wannan daren. Kulob ɗin da ya yi kaka 25 a jere yana shiga wasannin neman kofi na ƙarshen kaka ya tsinci kansa a waje tun 2017. Don haka wannan ne zaɓensa na farko, kowa na kallonsa a matsayin alamar inda za a dosa.

Bari in fara da hujjar masu ƙorafi don wallahi hujja ce mai nauyi. A garin Plymouth da ke jihar Michigan, nan kusa da Detroit, akwai cibiyar da Amurka ke tara zaratan yaranta 'yan ƙasa da shekara 18 tana horar da su, kuma ajin 2019 na cibiyar nan ba a taɓa ganin irinsa ba, mutum 8 daga cikinsu aka ɗauka a zagayen farko. Jack Hughes ya tafi a lamba ta 1, Alex Turcotte a ta 5, amma lokacin da layi ya zo kan Detroit ga Trevor Zegras yana zaune, yaron da ke ba da fas kamar yana da ido a ƙeya, ga Matt Boldy, ga Cole Caufield wanda ya ci ƙwallo 72 a wasa 64 a kakar nan duk da gajartarsa, sannan daga Kanada ga Dylan Cozens ɗan tsakiya dogo mai gudu. Yaran cibiyar nan mutanen Detroit sun gan su da idonsu, wasu ma mota kawai suke shiga su je kallo. Shi kuwa Seider me aka sani a kansa? A babbar gasar Jamus ya buga wasa 29 ya samu maki 6, wato ƙwallo 2 da taimako 4. Kuma gasar Jamus a idon mutanen hoki tana bayan ta Rasha da ta Suwidin da ta Finlan. Ofishin da NHL ke da shi na tantance matasa ya sa shi na 6, amma fa na 6 a cikin 'yan Turai kawai, ba a haɗa da yaran Amurka da Kanada ba, yawancin masu sharhi kuwa wajajen tsakiyar zagayen farko suke ajiye shi, can bayan lamba ta 10 da nisa. To mutum ya bar mai ƙwallo 72 ya ɗauki mai ƙwallo 2, dole a tambaye shi dalili, wannan ba rashin kunya ba ne.

Inda na rabu da su shi ne yadda ake karanta waɗancan alƙaluman. Maki 6 ɗin nan yaro ɗan shekara 17 ne ya samo su yana wasa da magidanta, mutane masu shekara 28, 30, wasunsu ma sun taɓa buga NHL, kuma a kulob ɗin da ke neman kofi wanda ba shi da lokacin renon yaro, kuma Mannheim ɗin ta ci kofin Jamus a kakar, shi kuma aka ba shi kyautar sabon ɗan wasan da ya fi fice. Su Caufield kuwa mafi yawan wasanninsu da sa'o'insu ne da 'yan jami'a. Sannan shi ɗan baya irin wannan ba a ba shi damar da maki ke fitowa, wato lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti 2 ku kuna da mutum 5 su suna da 4, manya ake sakawa a nan, yaro yana benci. Abin da ake dubawa a wurinsa daban ne, yaya yake juyawa da baya a kan ƙanƙara in ɗan gaba ya taho masa a guje, tazarar da yake bari tsakaninsu, in an jefa fak ɗin (ɗan baƙin faifan robar da suke bugawa) cikin kwana kuma ƙato na biye da shi zai daka shi da bango, yana rikicewa ya yar ko yana ɗaga kai ya ba da fas mai kyau. Duk wannan ba ya fitowa a takardar sakamako, sai wanda ya zauna a filin ya kalla. A watan Mayun shekarar ma, wata guda kafin diraf, Jamus ta tafi da shi gasar cin kofin duniya ta manya a Sulobakiya, ya kara da 'yan NHL na gaske har ya ci ƙwallo 2. Gani ya kori ji, duk kulob ɗin da ya tura mutanensa can ya ga abin da jerin sunayen 'yan jarida bai gama kamowa ba.

Akwai kuma maganar hannu, wadda wanda bai san wasan ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Mafi yawan 'yan hoki ta ɓangaren hagu suke riƙe sanda, masu riƙewa ta dama sun fi ƙaranci, a cikin 'yan baya kuwa abin ya fi tsanani. 'Yan baya biyu ne a fili a lokaci guda, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma wanda ke dama in bahago ne duk fak ɗin da ya biyo bango sai ya karɓe shi da bayan sanda, ya ɓata rabin daƙiƙa yana gyarawa, a wasan da rabin daƙiƙa ta isa a ƙwace a ci ku. Seider na dama ne, tsayinsa ya haura mita 1.9, ga gudu ga son karo. Irin wannan in ya nuna ba a sayar da shi, kulob ɗin da ya samu riƙewa yake yi shekara goma ko fiye, shi ya sa hanyar samunsa kusan ɗaya ce, ka ɗauke shi tun yana yaro. Detroit kuwa tun da gwanin ɗan bayansu Nicklas Lidström ya yi ritaya a 2012 har zuwa lokacin ba su sake samun ɗan bayan da za a jingina tawaga a kansa ba.

Amma gardamar da ta fi ma'ana a daren ba ta "yaron bai iya ba" ba ce, masu hankali cikin masu ƙorafin cewa suka yi to mun ji kana son sa, me ya sa ba ka sayar da lamba ta 6 ga wani kulob ba, ka koma ta 12 ko ta 15, a ƙara maka wata lamba a zagaye na biyu, sannan ka ɗauki Seider ɗinka a can? Wato ka biya kuɗin sa a kan abin da kasuwa ta yi wa kuɗin tunkiya. Na daɗe ina juya wannan maganar, kuma a takarda daidai take, matsalarta ɗaya ce, ta ɗauka cewa jerin sunayen da muke gani a jarida shi ne kasuwar. Jerin nan matsakaici ne, an tambayi mutane da yawa an haɗa an raba, in mutum takwas sun sa yaro na 20 mutum biyu sun sa shi na 5, zai fito wajajen na 17 a jerin, amma a ranar diraf ba matsakaici ne ke ɗaukan yaro ba, kulob ɗaya tak ya isa, kuma kowane kulob ɓoye nasa jerin yake yi kamar sirrin ciki. Dubi abin da ya faru bayan lamba biyu kawai, Edmonton a ta 8 ɗan baya ta ɗauka daga Turai, Philip Broberg ɗan Suwidin, kuma janar manajan Edmonton a lokacin Ken Holland ne, mutumin da ya bar kujerar Detroit a wannan bazarar bayan shekara fiye da 20 a kanta, wanda ya san duk abin da ma'aikatan Detroit suka gani a Turai a kakar. Wanda ke zaune a kujerar Yzerman dole ya sa wannan a lissafi. Sannan komawa baya sai da mai son hawowa gaba, kuma sai ya biya farashin da ya dace cikin 'yan mintocin da ake ba ka. In ka yi imani yaron nan shi ne ginshiƙin bayanka na shekara 15, ƙarin lamba a zagaye na biyu, wadda yawancin waɗanda ake ɗauka da ita ba sa zama 'yan NHL na dindindin, ba ta kai ka yi cacar rasa shi ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ba su yi gaggawar saka shi ba, ya yi kaka guda a Grand Rapids, ƙaramin kulob ɗinsu, don ya saba da filin Amurka wanda ya fi na Turai matsi da kusan mita 4 a faɗi, sai korona ta zo aka ba da shi aro ga Rögle a Suwidin, can aka zaɓe shi ɗan bayan da ya fi kowa a gasar kuma suka kai wasan ƙarshe. A 2021 ya shigo NHL, ya buga duka wasanni 82, ya tara maki 50, aka ba shi kofin Calder na sabon ɗan wasan da ya fi fice a 2022, rabon da ɗan Detroit ya ci wannan kyautar tun 1965, kuma wanda ya zo na biyu a ƙuri'ar shi ne Zegras ɗin da ake ta kuka a kansa. A kakarsa huɗu na farko ko wasa ɗaya bai rasa ba, a wasan da ake karya haƙarƙari da haƙora, kuma kullum shi ake turawa kan 'yan gaban da suka fi haɗari. A Satumban 2024 ya sa hannu a kwantiragin shekara 7 na kusan dala miliyan 60. Wani abin da ya fi ba ni mamaki ma, cikin goman farko na diraf ɗin 2019, zuwa tsakiyar 2025 mutum bakwai sun riga sun bar kulob ɗin da ya ɗauke su, Kaapo Kakko da Kirby Dach da Bowen Byram da Cozens da Broberg da Zegras da Vasili Podkolzin duk sun sauya riga, Hughes da Turcotte da Seider kawai suka rage a inda aka fara.

Duk da haka ba na yarda a ce masu ƙorafi ba su san komai ba, Boldy ya zama babban ɗan wasa a Minnesota, Caufield yana ta zura ƙwallaye a Montreal, da Detroit ta ɗauki ɗayansu ba wanda zai kira shi asara. Idonsu a kan yaran daidai ne, abin da suka raina shi ne wanda ba su kalla ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda sunan Seider ya zama garkuwa, duk manajan da ya yi zaɓen da ba a gane ba sai magoya baya su ce ai haka aka ce da Seider, a yi shiru. A'a. A 2015 Boston ta samu lambobi uku a jere, 13 da 14 da 15, ita ma da sabon janar manaja, Don Sweeney, ta ɗauki Jakub Zboril da Jake DeBrusk da Zach Senyshyn, na ƙarshen nan yawanci a zagaye na biyu ake hasashensa, kuma nan take a bayansu aka ɗauki Mathew Barzal a 16, Kyle Connor a 17, Thomas Chabot a 18. Barzal ya ci Calder a 2018 da maki 85, Connor ya zama ɗaya daga cikin manyan masu cin ƙwallo a gasar, Senyshyn kuwa ko wasa 20 bai buga a NHL ba. A nan masu ihu ne suka yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma su ma ma'aikatan Boston ai sun zauna a filaye sun kalla, su ma sun yi imani da abin da suka gani. Don haka "mun ga abin da ba ku gani ba" ba hujja ba ce ita kaɗai, kowa haka yake faɗa.

Ta ɗaya gefen kuma bin jerin jama'a shi ma ba ya tsirar da kowa, kuma Detroit ɗin ce shaida, shekara guda kafin Seider, a 2018, a wannan lamba ta 6 ɗin dai, Filip Zadina ɗan ƙasar Cek ya zamo ya faɗo hannunsu bayan an yi ta hasashen zai tafi a ukun farko ko huɗu, gari ya ɗauki murna, yaron har ya yi alƙawarin zai cika ragar kulob ɗin da suka tsallake shi da ƙwallaye. Lamba ta gaba Vancouver ta ɗauki Quinn Hughes, ɗan baya da ke wasa a Jami'ar Michigan, nan bakin ƙofar Detroit, wanda a 2024 aka ba shi kofin Norris na ɗan bayan da ya fi kowa a NHL. Zadina kuwa a 2023 aka raba gari da shi aka soke kwantiragin. Zaɓen da aka yi wa tafi ya mutu, wanda aka yi wa ihu ya rayu, a kulob ɗaya a lamba ɗaya, shekara ɗaya tsakani.

To in haka ne da me za a auna zaɓen ba-zata a daren da aka yi shi, tunda ba za a jira shekara biyar kafin a yi magana ba? Ni abin da nake tambaya shi ne, akwai dalilin da za a iya nunawa da yatsa na cewa jerin jama'a ya makara a kan yaron nan? A wurin Seider akwai, yana wasa a ƙasar da masu sharhin Amurka da Kanada ba su cika zuwa ba, a matsayin da alƙaluma ba sa nuna aikinsa, da manya ba da yara ba, kuma mafi kyawun wasanninsa sun zo ne a ƙarshen kaka lokacin da yawancin mutane sun riga sun yanke hukunci. A wurin Senyshyn fa? A gasar Ontario ta Kanada yake wasa, gasar matasan da ta fi kowace yawan idanu a kanta, ɗan gaba ne wanda maki ke nuna aikinsa, kowa ya gan shi sau da yawa kuma kowa ya ajiye shi a baya. In ka saɓa wa jama'a a kan yaron da ba su gani sosai ba, wataƙila ka fi su labari ne. In ka saɓa musu a kan wanda kowa ya ƙure wa kallo, akwai yiwuwar kai ne ka ƙyasa wani abu guda a jikinsa, gudu ko tsayi, ya rufe maka ido. Ko a 2016 da Columbus ta tsallake Jesse Puljujärvi ɗan Finlan ta ɗauki Pierre-Luc Dubois a lamba ta 3, abin da ya sa na ɗauki zaɓen da muhimmanci shi ne manajan da ya yi shi, Jarmo Kekäläinen, ɗan Finlan ne, ba wanda zai ce bai san yaron da ya bari ba.

Kuma ko da zaɓen ya yi kyau, ba shi ke nan an gama ba, wannan ne ɓangaren da ke min ciwo a matsayina na mai son ganin yaron nan a manyan wasanni. Kakar da ta biyo bayan ɗaukansa Detroit ta ci wasa 17 kacal cikin 71, ta zo ta ƙarshe, ƙuri'a ta sake juya mata baya ta koma ta 4 inda ta samu Lucas Raymond. A 2024 sun tara maki 91 daidai da Washington amma aka fitar da su da ƙa'idar raba gardama, a 2025 ma ba su shiga wasannin neman kofi ba, kaka tara kenan a jere. Seider ya ci azurfa da Jamus a gasar duniya ta 2023, amma har ƙarshen kakarsa ta huɗu a Detroit bai taɓa buga wasan neman kofin Stanley ko guda ɗaya ba, kuma mutanen da suka ce a yi haƙuri ai Yzerman ne a 2019, da yawansu su ne a 2025 ke tambayar har yaushe.